In Kurege da Sata, Tsaba Ma da Ƙamshi

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da dusar ƙanƙara, irin su Amurka da Kanada da Birtaniya, akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare. Mutum zai kafa sandar ƙarfe a bayan gidansa, ya rataya mazubi cike da tsaba, tsuntsayen daji su zo su ci su tashi abinsu. Babu keji, babu tarko, ladan mai gida kawai ya zauna bakin taga ya sha kallo. Ƙididdigar hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta nuna cewa mutum sama da miliyan 50 ne ke yin haka a ƙasar, kuma abin da suke kashewa a kan tsabar kaɗai ya kai kimanin dala biliyan 4 a shekara. Tun 1994 ake ɗaukar Fabrairu a matsayin watan ciyar da tsuntsaye, bayan ɗan majalisa John Porter na jihar Illinois ya kai maganar gaban majalisar wakilai.

Sai dai tsaba ba ta san wanda aka zuba dominsa ba. Da rana kurege ke zuwa, da dare kuma wata dabba da ake kira rakun. Saboda waɗannan biyun aka samu kasuwa guda ta kayan kariya. A 1988 wani marubuci, Bill Adler, ya fitar da littafi sukutum a kan dabarun kayar da kurege, kuma ya samu karɓuwa. A 2020 Mark Rober, tsohon injiniya a hukumar sararin samaniya ta NASA, ya gina wa kuregun bayan gidansa hanya mai cike da shingaye, ya ɗauki bidiyon yadda suka ƙetare su ɗaya bayan ɗaya, miliyoyin mutane suka kalla a YouTube. Wannan ɓangaren nishaɗin ke nan. Akwai kuma ɓangaren da ba a ɗauka a bidiyo: masu zuba guba, masu shafa man giris a jikin sanda, masu ɗana tarkon danƙo, da masu kama dabba su nutsar da ita a ruwa.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Mai gida yana da haƙƙin kare tsabarsa, tun da da guminsa ya saya. Amma da dabara zai kare ta, bai da hujjar cutar da dabbar da shi ya jawo ta. Kuma in da gaske tsuntsayen yake ƙauna, ya kamata ya sani cewa cikin abubuwan da ke yi musu barazana a bayan gidansa, kurege ne mafi sauƙi.

Kuregen da muka sani a nan ɗan ƙasa ne, mai rami, mai tonon gyaɗa. Na can ɗan bishiya ne, ruwan toka, jelarsa buzu-buzu. Wanda ya tsaya ya kalle shi yana aiki zai gane dalilin da ya sa ya gagari mutane. Zai zauna a kan reshe yana ɗaga kai yana saukewa, yana auna tazara. In ya yi tsalle bai kai ba, sai ya koma ya sake wurin tashi. In ya isa, sai ya maƙale murfin mazubin da ƙafafun baya, ya saki jiki kai a ƙasa, yana ɗibar tsaba da hannu biyu yana ɓarewa, ɓawo na zubowa. Allah ya yi masa idon sawu mai juyawa baya gaba ɗaya, shi ya sa yake saukowa daga bishiya da kai. Haƙoransa na gaba ba sa daina girma har ya mutu, don haka gwagwiyar katako da roba a wurinsa larura ce. A 2021 masana a Jami'ar California da ke Berkeley sun wallafa bincike a mujallar Science, inda suka nuna yadda kurege ke lissafa lanƙwasar reshe da nisan inda zai dira, har ya doki bango da ƙafa a tsakiyar tsalle don ya gyara gudunsa.

Shi kuwa rakun, nauyinsa kan kai kilo 5 zuwa 10. Jelarsa zobe-zobe ce, ga wani baƙin zane da ya ratsa idanunsa kamar wanda ya rambaɗa kwalli. Ƙarfinsa yana cikin hannuwansa masu yatsu biyar-biyar. Ba ya tsayawa ɗibar tsaba ɗaya-ɗaya. Zai hau sandar cikin dare, ya laluba ƙugiyar har ya zare, ya jefo mazubin ƙasa, ya kwance murfin, wani lokaci ma ya ja shi ya tafi. Birnin Toronto na Kanada ya kashe kimanin dala miliyan 31 ta ƙasar wajen sayo sababbin kwandunan shara masu makulli, aka fara rabawa a 2016, musamman don rakun. Ba a daɗe ba aka ga wasunsu suna kayar da kwandon ƙasa suna murɗa makullin har ya buɗe.

Kafin a kira su ɓarayi, a tambaya wa ya kawo su. Masanin tarihi Etienne Benson ya nuna cewa a farkon ƙarni na 19 da wuya ka ga kurege a tsakiyar biranen Amurka. Mutane ne suka kawo shi da hannunsu. A 1847 aka saki 'yan ƙalilan a dandalin Franklin na Philadelphia, aka yi musu akwatunan kwana, ana ba su abinci. Boston da New Haven suka bi sahu, a shekarun 1870 kuma aka sake su a lambun Central Park na New York. Manufar ita ce a ƙawata gari, a kuma koya wa yara tausayin dabbobi. A Ingila ma haka aka yi: a 1876 aka saki kuregen Amurka a Henbury Park da ke Cheshire don ado, yau ya mamaye ƙasar, ya kusa kawar da jan kuregen asali. Rakun da ya cika birnin Kassel na Jamus jikan waɗanda aka saki ne a gefen tafkin Edersee a 1934. A Japan kuwa wani fim ɗin zane na yara da aka nuna a talabijin a 1977 ne ya sa aka riƙa shigo da shi don kiwo a gida, da ya girma ya fara cizo aka riƙa sakinsa a daji.

Hausawa na cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dabbar da aka sare mata daji, aka gina gidaje a mazauninta, sannan aka rataya mata abinci mai maiƙo a tsakiyar hunturu, me ake so ta yi? Cikinta take nema, kamar yadda tsuntsun ke neman nasa. Bambancin da ke tsakaninsu a idon mai gida yake: wannan yana da launi da daɗin murya, wancan kuma yana cin rabon goma a zama ɗaya.

Hanyoyin kariya da ba sa cutar da kowa sanannu ne, kuma su ne suka fi aiki. Na farko shi ne wurin da aka kafa sandar. Masu harkar suna da ƙa'idar da suke kira 5-7-9: kurege na iya tsallen ƙafa 5 zuwa sama, ƙafa 7 a kwance, ya kuma diro daga ƙafa 9. Don haka ake so mazubi ya yi nisan akalla mita 3 daga bishiya da katanga da rufin ɗaki, kada kuma reshe ya bi ta samansa. Yawancin masu kukan kurege ya gagare su, in ka duba, a jikin bishiya suka rataya mazubin.

Na biyu shi ne makari, wato wani bututun kwano mai santsi da ake sanyawa a jikin sandar, samansa a toshe, ƙasansa a buɗe, bakinsa na sama ya kai mita ɗaya da rabi daga ƙasa. Kurege ya hawo, sai ya tsinci kansa cikin bututu mai rufi, ba gaba, dole ya sauko. In ya rungumi wajen kuma, kwanon ya karkata ya zame. Rakun yana da faɗin hannu, don haka nasa makarin sai ya kai faɗin santimita 20 da tsawon 60 ko fiye. Akwai kuma mazubai masu aiki da nauyi, irin su Squirrel Buster na wani kamfanin Kanada: tsuntsu ya sauka, ƙofa a buɗe, abu mai nauyi ya taka, ƙarfe ya sauko ya rufe ramin. Wasu kuma an kewaye su da ragar ƙarfe da ƙananan tsuntsaye ke ratsawa.

Na uku shi ne irin tsabar. 'Ya'yan sanfulawa da gyaɗa da masara, babu abin da kurege ke so kamarsu. Amma bai cika damuwa da wani siririn baƙin iri da ake sayarwa da sunan Nyjer ba, wanda ake shigowa da shi daga Habasha da Indiya, ana kuma gasa shi kafin ya shiga ƙasar don kada ya tsira. Buhunan gauraye masu araha kuwa cike suke da jar dawa, wadda yawancin tsuntsayen gabashin Amurka ba sa ci. Sai su riƙa watsar da ita ƙasa suna neman wadda suke so, abin da ya zube ya tara ɓeraye da rakun cikin dare. Arha ta zama tsada. Wasu na gauraya tsaba da barkono, kuma akwai ilimi a bayan haka. David Julius, wanda ya samu lambar Nobel ta likitanci a 2021, ya nuna tare da abokin aikinsa a 2002 cewa abin da ke sa dabbobi masu shayarwa jin zafin barkono a baki, na tsuntsaye ba ya amsa shi. Tsuntsu zai ci barkono bai ji komai ba, kurege kuwa yana jin zafinsa. Duk da haka ina ganin wannan ya zama matakin ƙarshe, domin garin barkono mai tashi a iska ba ya zaɓar idon da zai shiga.

Na huɗu, wanda ya fi duka sauƙi, shi ne maganin rakun: a zuba abin da tsuntsaye za su cinye kafin magariba, ko a shigar da mazubin ɗaki da dare, a share abin da ya zube, a ajiye buhun tsaba cikin durom ɗin ƙarfe mai murfi. In ya zo dare biyu uku bai samu komai ba, zai sauya hanya. Kuma nisanta shi da gida wajibi ne, domin a gabashin Amurka yana cikin manyan masu ɗauke da cutar haukan kare, kashinsa kuma yakan ƙunshi ƙwan wata tsutsar ciki mai iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro in ya haɗiye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tun da ga waɗannan hanyoyi, mai zaɓar mugunta ba shi da uzuri. Man giris da ake shafa wa sanda yana manne wa gashin dabba da fuka-fukan tsuntsu, ya hana su riƙe ɗumi a lokacin da sanyi ke kisa. Tarkon danƙo ba ya bambanta ɓera da ɗan tsuntsu. Guba kuma ba ta tsayawa a cikin wanda ya ci ta. Mutanen New York ba su manta da Flaco ba, mujiyar da ta kuɓuta daga gidan zoo na Central Park a Fabrairun 2023, ta shekara tana farautar ɓeraye a gari. Da ta mutu a Fabrairun 2024 bayan ta bugi gini, likitoci sun samu nau'in gubar ɓera har huɗu a jikinta. Wanda ya zuba guba da sunan kare tsuntsaye, mujiya da shaho yake kashewa ta bayan fage, waɗanda su ne masu rage masa ɓerayen kyauta. Hatta kama dabba a kai ta daji mai nisa a saki, wanda mutane ke ɗauka tausayi ne, ba haka yake ba. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya gano cewa kashi 97 cikin 100 na kuregun da aka sauya wa wuri sun mutu ko sun ɓace daga wurin cikin kusan wata uku. Ba su san inda ruwa yake ba, ba su da maɓoya, wurin kuma da masu shi. In uwa ce aka ɗauke, 'ya'yanta yunwa za ta kashe a sheƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne, yayin da hankalin mai gida ke kan kurege, abin da ke kashe tsuntsayen yana cikin mazubin da kansa. A daji tsuntsaye a warwatse suke kiwo. Mazubi kuwa yana tara ɗaruruwa a baki ɗaya kullum, mai lafiya da marar lafiya. A 1994 aka fara ganin wasu ƙananan tsuntsaye da ake kira finci a kewayen birnin Washington da idanu a kumbure, sun yi ja, sun manne da kwantsa. Tsuntsun zai zauna a bakin mazubi ba ya gani, yana goga ido a jikin ƙarfen da na bayansa zai zo ya sa kai. Cikin 'yan shekaru cutar ta ratsa gabashin Amurka ta kashe miliyoyi. A Birtaniya wata cutar maƙogwaro ta ɓulla a 2005. Wanda ya kamu zai kumbura gashinsa, ya ɗauki tsaba ya kasa haɗiyewa, ya tofar da ita jiƙe da yawu, wani ya zo ya tsince. Koren finci, wanda a da kusan kowane lambu akwai shi, ya ragu da fiye da rabi, a 2021 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke cikin haɗari. Har ta kai ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta dakatar da sayar da shimfiɗaɗɗun teburan tsaba a farkon 2025. Maganin da masana ke bayarwa ba shi da tsada: a wanke mazubi duk mako biyu da ruwan da aka sa wa bilic, kashi ɗaya cikin goma, a bari ya bushe sarai, a zubar da tsabar da ta yi fumfuna, in kuma an ga tsuntsu marar lafiya a sauke mazubin na wasu makonni.

Sai kyanwa da gilashin taga. Binciken Scott Loss da abokan aikinsa na 2013 ya ƙiyasta cewa kyanwoyi na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka. A shekarar da ta biyo baya suka ƙiyasta cewa gilashin gine-gine na kashe tsakanin miliyan 365 zuwa miliyan 988. Shi ya sa ake ba da shawarar a kafa mazubi ko dai ƙasa da mita ɗaya daga taga, inda tsuntsu bai ɗauki gudun da zai ji ciwo ba, ko kuma can nesa da mita 10, a kuma yi wa gilashin ɗigo-ɗigo daga waje. Mutumin da ya sayi makari mai tsada don kurege, ya kuma bar kyanwarsa tana laɓe a ƙarƙashin sandar, garin neman gira ya rasa ido.

Ban faɗi wannan don in kushe al'adar ba. Tana da amfani na gaske. A jihar Wisconsin, Margaret Brittingham da Stanley Temple sun bibiyi wani ɗan tsuntsu da ake kira cikadi a shekarun 1980. Waɗanda ke samun tsaba, kashi 69 cikin 100 suka ƙetare hunturu, waɗanda ba sa samu kuwa kashi 37. Sun kuma gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar kacal na abincinsa yake samu daga mazubi, saura da kansa yake nema, kuma da aka cire mazubin bai rasa yadda zai yi ba. Al'adar ta kuma haifar da ilimi. Shirin FeederWatch, wanda ya faro a Ontario a 1976, ya kuma game nahiyar a 1987 tare da cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell, ya dogara ne da talakawan da ke ƙirga tsuntsaye ta tagoginsu. Da idanun irin waɗannan mutane aka bi sawun cutar idon finci jiha bayan jiha.

Na san wani mai karatu zai ce, dala biliyan 4 a bakin tsuntsu, alhali ga 'yan Adam na kwana da yunwa? Tambaya ce mai nauyi, kuma mutum shi ne a gaba. Amma tausayi ba ya ƙarewa don an raba shi, kuma mu ba baƙin wannan ba ne. Akwai gidaje da yawa a ƙasar Hausa da ake ajiye kaskon ruwa a gindin bishiya lokacin bazara don kurciya da gwara. Addinin Musulunci ya koyar da cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai, ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, da wadda aka azabtar don ta tsare kyanwa har ta mutu. Ba a ce ladan na dabba mai kyan launi kaɗai ba ne. An kuma koyar da cewa wanda ya dasa itace, duk abin da tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi sadaka ce.

Ilimin zamani ma nan ya dosa. A 2019 mujallar Science ta wallafa cewa Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, wato kusan kashi 29 cikin 100, kuma wannan ya faru ne a daidai shekarun da kasuwar tsaba ke bunƙasa. Babban dalili shi ne rashin mazauni. Yawancin tsuntsaye ba da tsaba suke renon 'ya'yansu ba, da ƙwari ne. Doug Tallamy na Jami'ar Delaware ya lissafa cewa cikadi mace da namiji na buƙatar tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin su yaye sheƙa ɗaya, kuma waɗannan tsutsotsi a jikin itatuwan asalin ƙasar suke rayuwa, musamman bishiyar ok, wadda ke ɗaukar ɗaruruwan nau'o'insu. Ita wannan bishiyar, kurege na cikin masu shuka ta, domin yakan binne 'ya'yanta don ajiya ya bar wasu a ƙasa su tsira. Dabbar da ake kora daga mazubi tana cikin masu dasa wa tsuntsayen abincin 'ya'yansu.

Saboda haka wanda ya rataya mazubi ya ɗauki amana, kuma amanar tana da sharuɗɗa. Ya kafa sandarsa inda ya dace, ya sa makari, ya share ƙasa, ya shigar da tsaba da dare, ya wanke mazubi a kan lokaci, ya tsare kyanwarsa a ɗaki, ya yi wa gilashinsa alama. In kurege ya tsinci abin da ya faɗo, ya bar masa, rabonsa ne. Wanda kuwa ya ga ba zai iya cika waɗannan ba sai da guba da tarko, gara ya sauke mazubin, ya kai kuɗin tsabar wurin masu dashe ya sayo itacen ƙasarsa ya dasa. Tsuntsaye za su fi amfana da wannan, kuma ba zai ɗauki alhakin kowa ba.